Faifan Kabo

Kabo ya rasu a Ankara, can bakin teku a ƙasar Gwalkwas, a shekarar da Turawa suka fara kafa ginshiƙan gada tsakanin Gaya da Malanbil. Kafin labarin ya iso gida, kabarinsa ya riga ya yi ciyawa. Wani falken goro ne ya kawo shi, ya haɗo da ƙaramin akwatin ƙarfe ɗaure da igiya, ya yi ta tambaya a bakin kogi har aka nuna masa rumfar Na'Allah maɗinki, wan mamacin.

Rumfar tana kan gangaren da ke sauka zuwa mafitar bak, jirgin da ke ƙetarar da motocin gyaɗa zuwa Dahomai. Nan Na'Allah ya zauna yana sauraren falken, ƙafarsa a kan matakin keken ɗinki, bai taka ba.

"Ciwon ƙirji ne," in ji falken. "Tari ya yi ta yi har rai ya yi halinsa. Mutanen zango sun yi masa sutura yadda ya kamata. Ni ban san shi can-can ba, amma duk wanda na tambaya sai ya ce gwani ne. Kiɗan Turawa yake yi, wai duk garin babu na biyunsa."

"Allah ya jiƙansa," in ji Na'Allah.

"Amin. Akwai faifan garmaho a ciki. Sun ce yana cikinsa."

Da falken ya tafi, Na'Allah ya kwance igiyar. Baƙar kwat ce, da fararen riguna, da takalmin fata da dunduniyarsa ta cinye, da tasbaha. Ya juya kwat ɗin ya duba ɗinkin ciki, don hannu ya saba, ya ga aikin ba laifi. A can ƙasa ya tarar da faifan, naɗe cikin zane, baƙi mai sheƙi, da jar takarda a tsakiyarsa.

Kabo ya bar Gaya tun gemu bai fito masa ba. Ya bi wata kamiyo, babbar motar kaya, a matsayin yaron mota, bai tsaya ba sai da ƙasa ta ƙare masa a bakin teku. Sau biyu ya leƙo gida a duk shekarun nan, kuma Na'Allah bai taɓa tambayarsa sana'arsa ba. Ya ji ƙishin-ƙishin a bakin matuƙan mota, amma gidansu ba gidan roƙo ba ne. Kakansu jaki ya koro daga Gobir da kayan koli, ubansu allura ya riƙe. Abin da ba a tambaya ba, ba a jin kunyarsa. A zuwansa na ƙarshe, suna tsaye suna jiran bak, Kabo ya ce, "Yaya, da ma ka zo ka ji ni ko sau ɗaya." Na'Allah ya ce sai bayan Salla, in ɗinki ya lafa. Ɗinki ya lafa, wata Sallar ta ƙarato.

Aka yi zaman makoki, aka raba tufafin sadaka. Faifan kaɗai Na'Allah ya riƙe. Abu ɗaya yake so, kuma bai gaya wa kowa ba sai matarsa Balki: ya ji ƙanensa.

Garmaho ɗaya ne a unguwar, na Sarjan Jibo, tsohon soja Bazabarme da ya dawo daga yaƙin Turawa da ɗingishi, yake sayar wa masu jiran bak kafe da burodi. Tsakaninsa da Na'Allah akwai wasan Zabarmawa da Gobirawa.

"Bawana, mi ya kawo ka?" in ji Jibo. "Gobirawa sun fara shan kafe ne, ko ƙanshin kuke biyowa?"

"Maigidanka ne ya zo duba dukiyarsa. Ina akwatin nan naka mai magana?"

"Yana ƙarƙashin gado, kaza ta mai da shi akurki. Faya-fayan duk jikoki sun fasa. Mi za ka ji da shi, kai da ko kalangu ka ji sai ka sauya hanya?"

Na'Allah ya gaya masa. Jibo ya daina dariya, ya shiga ya fito da garmahon, ya kakkaɓe shi da hularsa. Ya nuna masa yadda ake wana shi da yadda ake sauke hannun a gefen faifai. Sannan ya miƙa masa wani ɗan gwangwani mai ƙananan allurai na ƙarfe, waɗanda ba su da kafar zare.

"Su ke nan suka rage, duk kuma sun sha aiki. Turawa, in allura ta zagaye faifai sau ɗaya, jefar da ita suke su sa sabuwa."

"Jefarwa? Don mi?"

"Ka taɓa tambayar Bature don mi? Don su sayar maka da wata mana."

Na'Allah ya ɗaga allura ɗaya ya duba tsininta a rana. Shi da allurar kekensa ke zuwa daga Kwatano in an yi sa'a, tun yana yaro ubansa ya koya masa wasa ta a dutse in ta dakushe. A gidansu ba a jefar da allura sai ta karye.

"Wanga ba aiki ba ne," ya ce. "Ƙarfe ne. Ƙarfe kuwa yana jin dutse."

Bayan la'asar suka ɗora faifan a rumfa, shi da Jibo, Balki na tsaye a ƙofar gida. Da farko wani ɗan shuu, sannan ganguna, sannan wani ƙaho ya tashi sama kamar an sako tsuntsu daga keji. Wani mutum ya kama waƙa da yaren da babu wanda ya gane a cikinsu, ƙahon na amsa masa. A bayansu akwai wasu abubuwa da ke motsi, ƙanana, masu yawa, irin hayaniyar kasuwa da mai ciniki ba ya saurara. Kafin Na'Allah ya gyara zama, faifan ya ƙare.

"To, Malam," in ji Balki, "wanne ne Kabo a ciki? Muryar dai ba tasa ba ce."

Na'Allah ya auna abin a ransa. An ce gwani ne, babu na biyunsa. A duk kiɗan da ya taɓa gani, na fada ko na 'yan kokawa ko na masunta, gwani shi ke gaba, sauran su yi amshi. Ba a ɓoye gwani a baya. Kuma ciwon ƙirji ne ya kashe shi, me ke cin ƙirji in ba busa ba? Ya ma tuna Kabo yana yaro, a gonar kawunsu a Bengu, yana huda karan dawa yana busawa har a kore shi.

"Mai ƙahon," ya ce.

"Shakka babu," in ji Jibo. "Ko a soja mai begila ke gaba."

Suka sake sawa. A wannan karon Na'Allah ya bi ƙahon tun daga tashinsa har saukarsa, idonsa a ƙasa. Da aka gama ya tashi ya shiga gida, bai fito ba sai magariba.

Daga ranar, kullum bayan la'asar sai ya rufe kan keke da ƙyalle ya wana garmaho. Da farko shi da Jibo ne. Sannu a hankali matuƙan mota da ke jiran bak suka fara matsowa, sai 'yan dako, sai masu aikin gada in sun tashi, jikinsu fari fat da siminti. Wani lokaci a sa sau uku, wani lokaci har sai an kira salla. Wanda ya tambaya, a ce masa ɗan garin nan ne ke busa, ƙanen maɗinki, ya rasu a Kurmi. Sai ya ce Allah ya jiƙansa, ya tsuguna.

In allura ta dakushe, Na'Allah ya ɗauko dutsen ubansa, ya ɗiga masa man keke, ya riƙe ta da ɗan awartaki yana murzawa a hankali har tsini ya dawo. Yana alfahari da wannan. Allura ɗaya ta yi masa damina sukutum. "Ka gaya wa Turawanka," yakan ce wa Jibo, "su aiko 'ya'yansu Gaya a koya musu tattali." Bayan kowane zagaye wani baƙin gari yakan taru a bakin allurar, mai laushi kamar kwalli. Sai ya hure shi. Shuu ɗin nan na farkon faifai kuwa ya yi ta ƙaruwa, har ya zama ba ya tsayawa a farko, yana bin waƙar har ƙarshe. Na'Allah ya ɗauka ƙurar hanya ce, ya riƙa goge faifan da tsumma mai laushi. Ƙahon dai yana nan daram, shi kuwa ƙahon yake nema.

Ya haddace shi kaf. Ya san inda yake katse mawaƙin kafin ya rufe baki, ya san inda yake hawa sama ya ƙi saukowa.

"Ji shi," yakan ce wa Balki. "Taurin kai. Ba ya jiran a gama magana."

"Ni dai na san shi da shiru-shiru," in ji Balki. "In ya zo nan sai ya wuni bai ce uffan ba."

"Kunyarki yake ji. Wanga shi ne ainihinsa."

Kafin kaka, gari ya ɗauka. Masu kwale-kwale na yin fitonsa da baki, 'yan mata sun sa masa baitoci suna daka da shi. Sunansa a bakin kowa Ƙahon Kabo. Na'Allah, wanda da yake sauya hanya in ya ji kalangu, yanzu in ya ji wani na fito da shi a kasuwa sai ya rage tafiya.

Ana cikin sanyi wani baƙo ya sauko daga bak da jaka a kafaɗa, ya tambayi gidan su Kabo. Siriri ne, da takalmi irin na mutanen teku. Ya ce sunansa Labo, mutumin Zabori ne, gida za shi bayan shekaru a Ankara. Tare suka zauna da marigayin a ɗaki ɗaya a zango, shi yana kaɗa ganga a inda Kabo ke aiki.

"Na makara, Yaya," ya ce. "Amma ta'aziyya ba ta tsufa."

Na'Allah ya shimfiɗa masa tabarma a rumfa, Balki ta kawo fura da soyayyen kifi, aka kira Jibo. Da aka yi addu'a aka ci abinci, Na'Allah ya ce bari a karrama baƙo. Ya wasa allura, ya wana garmaho. Mutane suka fara taruwa kamar kullum.

Ƙahon ya tashi. Labo ya daki cinya ya fashe da dariya.

"Kai, Kwabina! Jakin Allah! Har nan ka biyo ni?"

Babu wanda ya taya shi dariyar.

"Wane ne Kwabina?" in ji Na'Allah.

"Mai ƙahon nan mana. Wani Bafante ne, ƙato, cikinsa kamar randa. Yana nan da ransa, ya buɗe gidan giya a Sakunde. Kabo ya sha faɗa da shi, kullum sai ya danne kowa da..." Ya dubi fuskokin mutane, ya tsaya. "Yaya, lafiya?"

"Ba Kabo ke busa ba?"

"Busa? Kabo bai taɓa sa ƙaho a baki ba. Piyano yake kaɗawa."

Faifan ya ci gaba da juyawa har ya ƙare, allurar na ƙarzar tsakiya. Jibo ne ya ɗage hannun. Masu aikin gada suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna da abin da ya bari.

"Mene ne shi piyanon?" in ji Na'Allah. Muryarsa ba ta sauya ba.

Labo ya buɗe hannuwansa iyakar faɗinsu. Ya ce wani akwatin katako ne, ƙato, sai maza shida su ɗaga shi. A gabansa akwai haƙora jere, farare da baƙaƙe, kowane da muryarsa. Mutum ya zauna a kujera ya danna su da yatsu goma. Hannun hagu na tafiya, na dama na magana.

"Har abin takawa gare shi a ƙasa," ya ce, "kamar na kekenka. In ka hango shi daga baya yana aiki, wallahi sai ka ce ɗinki yake."

Na'Allah ya dubi kekensa, ya kawar da kai.

Labo ya ci gaba. Ya ce akwai wani kampani da ke ɗaukar waƙa a faifai, Kabo yana cikin makaɗan da suke kira. Mawaƙi ya zo daga ko'ina, Bafante ko Bayarabe ko ɗan zango, da waƙar da ba wanda ya taɓa ji. Ya rera sau ɗaya, Kabo na zaune kansa a sunkuye. A karo na biyu sai ka ji ya shimfiɗa masa hanya kamar tare suka tashi. Kuma ɗauka ɗaya ake yi, in an yi kuskure sai a sake daga farko, Baturen kampanin ya yi ta zagi.

"Amma in Kabo na wurin ba a cika sakewa ba. Mawaƙi ya zame, muryarsa ta kauce, kafin ya faɗi Kabo ya kai masa ƙasa ƙarƙashin ƙafa. Mai saurare ya ɗauka da gangan aka yi. Akwai mawaƙan da ba su iya komai ba, suka yi suna a kan hannunsa. Su ake rubutawa a jar takardar nan. Shi a sallame shi da yamma, gobe wani ya zo." Ya girgiza kai. "Bai taɓa katse kowa ba, Yaya. Jira yake sai ka numfasa, sannan ya sa nasa a gurbin."

Balki, daga ƙofa, ta dubi mijinta.

"To yana cikin wannan?" in ji Na'Allah.

"Yana ciki. Ni na kaɗa ganga ranar. Shi ya sa ya ajiye shi, ya ce a nan ne kaɗai Baturen ya bar shi ya ɗan sake. Sai dai a can bayan ɗaki ake ajiye piyano, nesa da abin ɗaukar murya, don haka a hankali yake fitowa. Sa mu ji, in nuna maka."

Aka sake sawa. Labo ya matso da kunnensa, ya ɗaga yatsa yana jira. Yatsan ya daɗe a sama. Ya yamutsa fuska, ya ƙara matsowa. Da faifan ya ƙare ya cire shi ya karkata shi a hasken rana. Sheƙin nan ya tafi. Layukan sun yi toka-toka kamar gwiwar tsohon wando.

"Wa ya yi wa faifan nan haka?"

Ya kwance allurar ya murza ta tsakanin yatsu, sannan idonsa ya faɗa kan dutsen wasi da ɗigon mai a kansa.

"Wasa ta kake?"

"In ta dakushe."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin damina."

Labo ya ajiye allurar a hankali. Ya ce tsinin sabuwar allura ba tsini ba ne irin na ɗinki, mulmulalle ne, ido ba ya gani. Haka aka yi shi don ya bi layin faifai ba tare da ya yanka ba. In an wasa shi a dutse ya zama wuƙa. Duk zagaye yana kankare cikin layin, baƙin garin nan da ke taruwa shi ne kiɗan. Ƙananan muryoyi su ke fara tafiya. Masu ƙarfi, irin ƙaho, su ke saura.

Jibo ya dubi abokin wasansa. Ya tashi da ɗingishinsa ya gangara bakin kogi. Can ya dawo da allura sabuwa fil a cikin ƙullin takarda, ya roƙo ta wurin wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, mai garmaho.

"Gwada da wagga," ya ce. Bai ce bawana ba.

Suka kori yaran da suka rage, Balki ta kama kajin da ke kuka ta kai bayan gida. Na'Allah ya durƙusa ya kafa kunne a bakin garmahon.

"Ka manta da ƙahon," in ji Labo. "Ka saurari ƙasa. Akwai inda mawaƙin zai yi shiru, Kwabina kuma zai ja numfashi. Nan Kabo ya shigo."

Na'Allah ya yi ƙoƙari. Amma kunnensa ya yi wata da watanni yana bin hanya ɗaya, kamar jakin da ya san gida. Ƙahon ya tashi, kunnen ya bi shi. Ya fizgo shi ya mai da ƙasa. A ƙasan babu komai sai shuu, kamar ruwan sama a kan kwanon rufi.

"Nan!" in ji Labo. "Ka ji? Nan, nan!"

"Ban ji ba."

"Ɗan ƙyas-ƙyas ɗin nan, kamar ana taɓa kwalba."

"Kai ka ji shi?"

Labo ya ɗago kai daga garmahon. "Na san dai nan yake," ya ce.

Na'Allah ya kai hannu zai mai da allurar farkon faifan, Labo ya riƙe masa wuyan hannu. Ya ce ko da sabuwar allura, faifan da ya kai haka duk zagaye ƙara cinyewa yake.

"A samo wani irinsa."

"A ina? An daɗe da buga shi, kuma bai yi kasuwa ba, mawaƙin ma ya koma kamun kifi. Kaɗan aka kawo, suka ƙare."

"Sauran fa? Ka ce ya yi wa mutane da yawa."

"Da yawa ƙwarai. Amma makaɗan piyano uku ne kampanin ke kira, ba a kuma rubuta sunan ko ɗaya. Wanda na kaɗa ganga a ciki zan iya shaida. Sauran, sai in yi maka ƙarya."

"To yi mini da baki. Abin da ya kaɗa a gurbin nan."

Labo ya gyara murya. Ya fara wani abu da hanci, ya tsaya, ya sake farawa daga wani wuri. Ya ɗora yatsunsa a kan teburin keke yana motsa su, katakon na ƙwas-ƙwas. Ya bar shi.

"Yaya, baki ɗaya ne da ni. Shi yatsu goma ne, kowane da inda ya nufa. Kuma ni ganga nake kaɗawa, hankalina na kan hannuna."

Da safe Labo ya sami motar da za ta bi ta wajen Zabori. Na'Allah ya raka shi, ya sa masa goro a jaka. Ya dawo ya naɗe faifan cikin zanensa ya mai da shi akwati.

Bai haƙura nan take ba. Ya yi wa matuƙan mota bayani, masu zuwa Faraku da masu kaiwa har Kwatano, ya nuna musu jar takardar su gane irinta. Aka daɗe, sannan wani ya kawo masa faifai na kampanin, na wata mawaƙiya. Ya aro sabuwar allura ya sa. A bayan muryar matar ya ji abin sarai, ƙwara-ƙwara, kamar ɗigon ruwa a cikin randa, wasu na gudu wasu na tafiya. Ashe haka piyano yake. Ya saurara har ƙarshe yana neman wata alama, inda mai kiɗan zai jira a numfasa, inda zai tari mai faɗuwa. Ya ga kamar ya ji. Ya kuma san cewa da ma ya taɓa ganin kamar ya ji. Ko Kabo ne, ko ɗaya daga cikin sauran biyun, babu mai gaya masa a duk faɗin kogin nan. Ya mayar wa matuƙin faifansa, ya mayar wa Jibo garmahonsa.

Gari kuwa bai fasa ba. Waɗanda suka ji maganar Labo kaɗan ne, kuma ba labari ba ne mai daɗin bayarwa. Na'Allah ya gyara wa mutum biyu ko uku, suka ce to, suka ci gaba da fitonsu.

Wata rana Ajuma mai tuyar ƙosai ta kawo masa zane a kalmasa baki. Tana jira tana rera waƙar, da baitocin da 'yan mata suka sa mata.

"Malam Na'Allah, ka daina sa mana ƙanenka. Yamma ta yi shiru."

"Ba shi ba ne."

"Wa?"

"Mai ƙahon. Wani Bafante ne, yana nan da ransa. Kabo wani abu daban yake kaɗawa, a ƙasa."

"Ikon Allah. Duk wannan kuka da muka sha, na Bafante ne?" Ta gyara goyonta. "To shi nasa yaya yake? Ɗan yi mana mu ji, sai mu sauya."

Na'Allah ya ɗago kai ya dube ta. Ta tsaya tana jira da gaske, kanta a karkace. Ya jawo zanen gabansa.

"Dawo bayan azahar," ya ce. "Zai zama an gama."

Ta tafi. Ya sa bakin zanen ƙarƙashin allura ya fara takawa. Bai kai rabin layi ba ya lura ƙafarsa na bin wani kiɗa, kuma ya san ko na wane ne. Ya tsaya, ya jira abin ya fita daga kansa. Da ya sake takawa, Kwabina ya dawo daga farko.